Ranar da Na Tambayi Asalin Jinja

A unguwarmu ta Ka'akiyya a Makka, idan namiji ya zo neman aure gidan Bahaushe, ni ake turawa bincike. Ba wanda ya naɗa ni. Tun muna Utaibiyya, kafin tsadar haya ta turo mu bayan gari, wata maƙwabciya ta ce in raka ta mu leƙa gidan da ke neman 'yarta. Tare muka je, shayi ɗaya muka sha, muka dawo. Ita ta ga labule da darduma. Ni na ga yadda uwar yaron take haɗiye magana duk sanda mijinta ya yi tari a ɗaya ɗakin. Na faɗa mata abin da na gani. Daga ranar aikin ya zama nawa, kuma har yau ba a taɓa dawo mini da shi an ce bai yi ba.

Ni ban yi makaranta ba. Iyayena sun taso daga ƙasar Kano a ƙafa, aka haife ni a hanya, a Sudan, na shigo Makka a goye. Abin da na sani na karatu shi ne abin da zan yi sallah da shi. Sana'ata daka ce: yaji, kayan kunu, da lemun citta da nake kaiwa Mina lokacin aikin Hajji tun ina da ƙarfin ɗaukar jarka a ka. Da turmin nan na ciyar da yara bayan rasuwar ubansu. A bakin turmin kuma na koyi kallon mutane, domin mai saye yana ganin kanki a sunkuye sai ya saki fuskarsa, bai san kina ganinsa ta gefen ido ba.

Yadda nake bincike ba wani boyayyen abu ba ne. Ba na zuwa wurin limami, don limami sahun sallah kawai yake gani. Ba na zuwa wurin abokai. Ina zuwa wurin mai kantin da ke ƙasan benen da mutum yake haya, da matar mai gadi, da matan garinsu da suka zo Umara. Su waɗannan sai in kai musu ƙullin yaji har masauki, mu zauna mu yi hirar ciwon gwiwa da tsadar abaya, can sai in jefa sunan gidan kamar yanzu ya faɗo mini. Abin da mace ta faɗa kafin ta gyara zama, shi nake ɗauka. Abin da ta ƙara bayan ta gyara zama, na bar mata.

Na yi wa 'ya'yan mutane da yawa wannan aiki kafin ya zo kan jikata, 'yar ɗan farina. Malamar Turanci ce a makarantar 'yan mata. A nan aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta, Hausarta kuwa ɗingishi take yi. Amma da ni Hausa take yi ko tana so ko ba ta so, don na hana kowa yi mini Larabci a ɗakina, duk da na iya shi tun kafin a haifi uwarta. Yarinya ce mai baki. Maza sun zo, ta sallame su ɗaya bayan ɗaya, har sa'o'inta suka yaye na fari suka goyi na biyu. Sai wata rana ina tankaɗe, ta shigo ta tsaya a kaina ta ce, "Sitti, akwai wani." Sitti shi ne kaka a bakin 'yan Makka, wannan kaɗai na bar mata.

Na ce, "Wani wa?"

"Abokin yayana ne. Ɗalibi ne daga Najeriya, yana karatun harsuna a jami'a."

"Kin gan shi ko labarinsa kika ji?"

"Na gan shi. Sitti, da gaske nake. Wannan nake so. In ba shi ba, ku bar ni da ɗalibaina har in tsufa kamar ke."

Na ce ta matsa tana tare mini haske. Amma na ji muryar. Tun tana rarrafe ban taɓa jin ta nemi wani abu da wannan murya ba.

Da maganar ta kai wurin ubanta, sai ya ce, "Abin da Inna ta gani, shi za a yi." Haka ya saba faɗa duk sanda aka zo da maganar aure, yana faɗa yana neman makullin mota.

Na fita bincike. Yaron ɗan ƙasar Zazzau ne, ubansa tela, uwarsa tana da rai. Matan garinsu da na samu a masauki suka ce gida ne na rufin asiri, ba a san su da sata ko taɓin hankali ba. Matar mai gadi ta ce a duk benen shi kaɗai yake ɗaure bakin ledar shara kafin ya sauko da ita. Mai kanti, wani Bayamane, ya ce burodi da ƙwai da ganyen shayi kawai yake saye, kuma yana tsayawa ya jira in akwai mace a gabansa. Duk wannan ya yi mini. Sai dai ko'ina na je, akwai magana ɗaya da take biyo baya. Mai kanti ya faɗe ta da Larabci, matan suka faɗe ta da Hausa, kowa yana faɗa da sunan yabo: ba ya musu da kowa.

Na dawo gida maganar tana cina. Na san irin mazan nan. Ya ce to ga uban yarinya, ya ce to ga yarinya, gobe ya kai ta garinsu ya ce to ga yayyensa mata, ita tana tsaye a tsakar gida ba mai tare mata. Jikata in ta aure shi wata rana za ta bi shi ƙasar da ba ta taɓa takawa ba, da Hausar nan tata da za a yi wa dariya. Ba ta da uwa a can, ba ta da ni. Dole in san ko yaron yana iya tsayawa a kan magana idan tsayuwar za ta ja masa asara. Wannan kuwa ba mai kantin da zai gaya mini. Na ce wa ɗana a kawo shi in gan shi.

Ya zo ranar Juma'a bayan la'asar. Aka zauna a majalisi, ɗakin baƙin ɗana. Akwai ɗana, akwai kawun yarinyar, ƙanen uwarta, mai harkar motocin alhazai, mutumin da ba ya barin magana ta wuce bai sa baki ba. Ni na zauna a kujerata bakin ƙofa, tsufa ya ba ni wannan izini. Na san jikata tana bayan labulen hanyar kicin, don ga yatsun ƙafarta nan sun leƙo.

Yaro ne dogo siriri mai tabarau. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni irin gaisuwar gida, wadda yaranmu na nan sun daɗe da zubarwa. Aka fara hira. Kawu ya ce zafin Makka ya fi sanyin ko'ina lafiya, yaro ya ce, "Haka ne, Baba." Ɗana ya ce ɗaliban yanzu ba sa karatu kamar na da, ya ce, "Haka ne, Baba." Kawu ya ce motar Japan ta fi ta kowa, ya ce haka ne. 

Aka kawo lemun citta, nawa, wanda na jiƙa tun safe da kanumfari da ɗan masoro. Citta ta gaskiya ba a niƙa ta a inji, dakawa ake yi, a bar ta ta jiƙu a ruwa kafin a tace, in ba haka ba ɗaci ne zai fito maimakon yaji. Yaro ya kurɓa, ya lumshe ido, ya manta inda yake, ya ce, "Kai, Hajiya, jinjar nan ta yi."

Na ce, "Wace ce ta yi?"

"Cittar, Hajiya. Afuwa."

"A gidan nan citta muke cewa. Larabawa su ce zanjabil. Ita jinja 'yar gidan wa ce?"

"Turanci ne, Hajiya. Bakinmu na can ne ya saba."

"Na san Turanci ne, ina da malamarsa a gida. Cewa na yi 'yar gidan wa ce. Wane ne ubanta?"

Nan fuskarsa ta canja. Tun da ya shigo sai lokacin ya ɗago kai sosai, kamar manomin da aka tambaya labarin gonarsa.

Ya ce, "Ai kuwa tana da uba, Hajiya, har da kakanni. Turawan Ingila na da can ba jinja suke cewa ba, gingifar suke cewa. Bakin jikoki ne ya yi ta cin ta har ta koma haka. Su ma ba su suka haife ta ba. Daga Latin suka karɓa, harshen Rumawan da, wanda malamansu da masu maganinsu suke rubutu da shi. A can sunanta zingibar."

"Rumawan su suka haife ta?"

"A'a. Su ma daga Yunanawa suka karɓa. Yunanawa zingibaris suke cewa."

"Citta tana fitowa a ƙasar Yunan?"

"Ba ta fitowa, Hajiya. Kawo musu ake yi."

"To ba 'yarsu ba ce. Riƙo aka ba su. Ci gaba."

Ya yi dariya, ya buɗe baki zai ci gaba, sai kawu ya tare shi. Ya ce, "Ya ustaz, ka gajarce mana hanya mana. Zingibar, zanjabil, ai ko kurma ya ji. Tamu ce! Turawa sun sace ta daga Larabci kamar yadda suka saci komai."

Ɗana ya gyara zama, don maganar ta yi masa daɗi. Ya ce, "Tabbas. Kalmar da ta zo a cikin aya, inda aka faɗi abin shan 'yan Aljanna. Daga nan kowa ya ɗauka." Ya juya ga yaron ya ce, "Ko ba haka ba, Malam?"

Ga hanya a buɗe. In yaron ya ce haka ne, sai a shanye lemo, a tashi, a sa rana. Na zuba masa ido. Ya ajiye kofinsa a kan tire, kofin ya yi ƙara don hannunsa rawa yake. Ya kalli labulen nan sau ɗaya, ashe shi ma ya ga yatsun. Sannan ya kalli ɗana.

Ya ce, "Baba, a yi mini afuwa. Akwai kalmomi da yawa da Turawa suka ɗauka daga Larabci, amma wannan ba ta cikinsu. Yunanawa suna faɗinta tun kafin zuwan Musulunci da daɗewa. Ita da zanjabil dangi ne, amma ba uwa da 'ya ba ne. Dukansu daga Indiya suka taso, inda cittar take fitowa. A can ana ce mata singabera. Fatake suka ɗauki kaya suka ɗauki sunan. Hanya ɗaya ta kai shi Yunan, ɗaya ta bi ta Farisa ta iso wurin Larabawa."



Ɗana ya ce, "Wato kana gaya mini kalmar da ke cikin aya ta Indiyawa ce?"

"Larabci ce, Baba. Larabawa sun karɓe ta tun da can, suka gyara ta da bakinsu, ta zama tasu kafin a saukar da ayar. Manyan malamai na da sun yi magana a kan irin waɗannan kalmomi. Inda ta taso kawai nake faɗa."

Kawu ya buga cinya ya ce, "La haula! Ka ji bokon Najeriya. An turo ku Makka ku ɗebi ilimi, kun zo kuna raba wa Indiyawa Larabci!"

Na ɗaga hannu na ce, "Ban gama tambayata ba." Suka ba ni wuri, don ba a katse ni a gidan nan.

Na ce wa yaron, "Indiyawan fa, su suka haife ta?"

Ya ce, "Nan malamai suka rabu, Hajiya. Wasu sun ce ma'anar sunan mai jikin ƙaho, don saiwar citta tana da rassa kamar ƙahon barewa. Wasu sun ce wannan fassara daga baya aka laƙa mata don ta yi daɗin ji. Suka ce asalinta daga mutanen kudancin Indiya ne, masu wani harshe dabam, waɗanda suke ce wa citta inci, su ce wa saiwa wer. Inci wer, saiwar citta ke nan."

"Kai wanne ka ɗauka?"

"Na biyun ya fi ƙarfi a wurina."

"Su kuma mutanen kudun daga wa suka samu?"

"Daga nan ban sani ba, Hajiya. Ban kuma ji wanda ya sani ba."

A aikina na saurari salsala iri-iri. Makka gari ne da kowa yake so ya zama jikan wani babba. Na taɓa zama da wani mai neman aure da ya lissafo mini kakanninsa tun daga Katsina har ya kai su Madina bai tsaya ya sha ruwa ba, alhali da kakarsa muka yi tallan ƙosai a Utaibiyya, kuma ita da bakinta ta ce mini ba ta san sunan kakanta ba. Ni kaina in aka tambaye ni, na san ubana, na san ubansa, na san sunan ƙauyen, daga nan sai duhu, kuma ban taɓa cike duhun da sunan aro ba. Ga yaro ya bi kalma ƙasa bayan ƙasa, ya kai inda saninsa ya ƙare, ya tsaya cak ya ce bai sani ba.

Amma ban gama da shi ba. Ya riga ya ɓata da uba, ya ɓata da kawu, saura ni kaɗai a ɗakin. Sai na yi masa murmushi, abin da ban cika yi ba, na ce, "Inci ka ce? Inci, citta. Ashe tamu ce. Hausawa ne suka kai musu."

Ya kalle ni kamar yana roƙon in bar shi haka.  Ya ce, "Hajiya, da na so ya zama haka. Amma ban ga hanyar da ta haɗa su ba. Kamar sauti kaɗai ba ta isa a ce dangi ne. Citta dai tamu ce, ban san ta da 'yan uwa a can ba."

"Wato ni ma ban yi daidai ba."

Ya sunkuyar da kai. "A wannan dai, Hajiya."

Daga bayan labule na ji wani sauti kamar an toshe baki da mayafi. Ko dariya ce ko kuka, ban tantance ba.

Ɗana ya duba agogo ya ce magariba ta kusa, alhali rana tana nan da sauranta. Yaro ya tashi ya yi sallama, ya bar rabin lemonsa a kofi.

Ko ƙofa ba a gama rufewa ba ɗana ya ce, "Ba zan ba shi ba. Ya ƙaryata ni a majalisina, a gaban ƙanen matata."

Na ce, "Kai ka ce abin da na gani shi za a yi."

"Ai kin gani, Inna! Har ke bai ƙyale ba!"

"Na gani. A ba shi."

 Ya ɗauki makullinsa ya fita bai ce mini komai ba, abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara gemu.

Jikata kuwa ta faɗo ɗakina kamar iska, tana zuba Larabci. Na ce, "Hausa." Ta tsaya ta nemo kalmomin, idonta jawur, ta ce, "Ke kika jawo! Komai yana tafiya lafiya! Me ya haɗa aure da citta?"

Na ce, "Da gangan na yi."

"Kin san halin Baba!"

"Na san shi kafin ki san shi. Fita, ki rufe mini ƙofa."

Daga ranar ta daina shigowa ɗakina. Ta tafi makaranta, ta dawo, ta shige ɗaki. Abayarta ta fara yi mata yawa. Uwarta tana bina da ido a hanyar kicin, tana so ta yi magana tana tsoro. Ni kuwa ban yi nadamar tambayata ba ko kaɗan. Na je neman abu, na samu, sauran aiki tsakanina da ɗana ne.

Ban roƙe shi ba. Ba na roƙon yaron da na goya. Abin da na yi shi ne, da aka kawo mini kwanon abinci da rana, na mayar da shi a rufe yadda ya zo. Da dare ma haka. Na jawo ƙaramin murhuna na gas da nake zuwa da shi Mina, na dama kununa a ɗakina da gerona. Duk Bahaushe ya san abin da ake nufi idan uwa tana zaune a gidan ɗanta tana mayar da kwanonsa. Surukata ta zo ta durƙusa tana hawaye, na ce ba da ita nake ba, girkinta ba shi da laifi. Ɗana ya jure kwanaki, sannan ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Inna, don Allah ki ci abinci."

Na ce, "Ina ci. Turmina yana nan, hannuna yana nan."

"Mutane za su ji."

"In sun tambaye ni zan gaya musu."

Ya koma. Daga baya matar tsohon malamin masallacinmu ta zo sayen yaji, ta gaya mini ɗana ya je wurin mijinta a keɓe ya tambaye shi maganar zanjabil. Malam ya ce masa abin da yaron ya faɗa yana nan a littattafan magabata, malamai sun yi saɓani a kai tun da can, ba wanda ya fita daga addini saboda shi. Ɗana bai gaya mini ya je ba, ni ma ban nuna na ji ba. Sai ma fushinsa ya ƙaru, don yanzu ba shi da aya da zai fake da ita, saura kunyar da ya ji a gaban ƙanen matarsa. Ni ko da malam ya ce yaron ya yi kuskure, maganata ba za ta canja ba. Ban san Indiya ba, ban san Yunan ba. Abin da na gani hannu ne yana rawa da baki da bai bi hannun ba.

Can sai yayan yarinyar ya zo mini da saƙo. Ya ce abokinsa yana so ya zo ya ba Baba haƙuri, zai zo da wani dattijo ɗan garinsu da ya daɗe yana koyarwa a nan. Ya ce, "Kaka, me zan ce masa ya faɗa?"

Na ce, "Kada ka ce masa komai."

Wannan zuwan shi ne ya hana ni sukuni. Na san yadda ake ban haƙuri. Dattijo zai zaunar da shi a hanya ya ce masa, ɗana, mace kake nema ba kalma ba, ka ce ka yi kuskure a wuce wurin. Kuma na yanke a raina, ban gaya wa kowa ba, cewa in ya zo ya haɗiye maganarsa don a ba shi mata, ni ma zan janye tawa, ko da jikata ba za ta ƙara kallona ba har in mutu.

Suka zo da hantsi ranar Asabar. Kawu ba ya nan, na tabbatar da haka. Dattijon ya yi doguwar gaisuwa, ya yi addu'a, ya kawo maganar ƙuruciya da zafin karatu, ya ce yaro ya zo da kansa ya wanke laifinsa. Yaron ya sauko daga kujera ya durƙusa a gaban ɗana. Ya rame shi ma.

Ya ce, "Baba, na yi laifi. Na yi maka musu a gidanka, a gaban baƙo, ranar da na fara zuwa. Da ina da hankali da na ce a bar maganar sai mun keɓe. Ban kyauta ba, ka yafe mini."

 Fuskar ɗana ta ɗan saki. Sai ya ce, "Na ji. To kalmar fa?"

Na ga dattijon ya miƙa ƙafa a hankali ya taɓa yaron. Yaron ya kalli darduma. Na riƙe carbina ban ja ko ɗaya ba.

Ya ce, "Kalmar, Baba..." Ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Kalmar daga Indiya ta taso."

Dattijo ya ce, "Inna lillahi," ya dafe kai.

Ɗana ya juyo gare ni. "Inna, kin ji shi ko?"

Na ce, "Kunnena ƙalau."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Na zaci fushi ne, sai na ga kafaɗunsa suna motsi. Da ya sauke hannu idonsa ya kawo ruwa don dariya. Ya ce, "Wannan da waccan mai bakin, in suka fara wa zai raba su?"

Na ce, "Ba ruwanka. Ba a gidanka za su yi ba."

Ya goge ido, ya juya ga dattijon da har lokacin bai sauke hannu daga kansa ba, ya ce, "Malam, ku turo manya a yi magana. Amma ku ja masa kunne, a majalisina kada ya ƙara gaya mini asalin komai, ko da na tambaya."

Na bar su suna addu'a, na dafa bango na tashi. Na samu jikata a kicin zaune a kan buhun shinkafa, ta haɗa kai da gwiwa, uwarta tana tsaye a gaban tukunya ba ta juyawa. Dukansu suka ɗago suna kallon bakina.

Na ce, "Ke, tashi ki zuba mini abinci."

Ta tsaya tana kallona. Uwarta ce ta fara ganewa, ta saki ludayi ta kama guɗa a hankali don kada maza su ji. Jikata ta miƙe, ta ɗauko kwano, garin sauri har miya ta zuba a gefen murhu. Ta ce, "Sitti," ta kasa ƙarasawa, da Hausa ko da Larabci.

Na ce, "Ki tsame man nan na sama, kin san ba na son mai. Kuma ki goge inda kika zubar."